A Gaban Baffa Na Tambaye Shi

Ni mai sayen ƙirgi ne. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake bin mahaifinmu mayankar Jimeta, da ya rasu na ci gaba daga inda ya tsaya. Aji uku na yi a elemantare aka cire ni, in ka ga rubutun nan ya karkace, dalilin ke nan. Zancen autanmu zan yi, wanda na riƙe tun yana ɗan shekara bakwai.

Shi ya samu abin da ban samu ba, ya ci jarrabawa ya shiga sakandare a Yola. A shekararsa ta ƙarshe, lokacin ba a daɗe da yanka jihohi an mai da hedikwatarmu Maiduguri ba, malamin ajinsu ya ba su wani aiki. Ya ce kowa ya nemi littafin rubutu, a hutu ya bi ma'aikata yana tambayarsu: me kake yi daga safe zuwa yamma, wane karatu aka yi kafin a kai nan, me ya fi ba ka wahala. Kafin a koma makaranta kowa zai cika takarda ya rubuta aikin da yake so, mai riƙe da shi ya sa hannu, sannan a san inda za a tura sunansa.

Auta ya ɗauki abin da zafi. Kekena ya ga ta kansa a wannan hutun. Ya je asibiti wurin mai haɗa magani, ya je gidan waya, ya bi 'yan safiyo masu awon ƙasa daji ya dawo wando duk ƙaya, ya zauna da wani akawu. Wurin malamin dabbobi kuwa sau uku ya koma, har ya bi shi ƙetaren kogi allurar shanu.

Wata safiya ina rumfar da muke shanya ƙirgi sai ga shi da littafin a hammata. Hamma yake ce mini, wato yaya.

"Hamma, saura kai."

"Saura ni me?"

"Tambayoyi. Malam ya ce duk mai sana'a."

"Malamin naku ya ce ka zo ka tambayi mai warin mayanka? Matsa can, kada ka ɓata farar rigarka."

Bai matsa ba. Ya ce yana so ya san yadda nake shafa ƙirgi sau ɗaya in faɗi darajarsa. Don ya rabu da ni na jawo guda uku na nuna masa. Wannan saniyar ciwon kirci ne ya ci bayanta. Waɗannan ɗigo-ɗigon cizon kaska ne. Wannan ta daɗe tana jinya kafin a sa mata wuƙa, ji yadda fatar ba ta da kauri. Ina faɗa yana rubutawa kamar wani babban malami ne ke magana, har kunya ta kama ni na ce ya isa.

Da azahar muka kamo hanyar gida, unguwar Rumde, ni da shi kawai, yana tura keken. A nan ya gaya mini, bai yi kwana-kwana ba.

"Hamma, ni aikin dabbobi nake so. Na bincika komai, har makarantar da ake zuwa."

Na ce, "Za mu gani."

Ba abin da zan gani, na riga na yanke. Duk ranar da wata takarda ta kai ni ofis, a waje ake tsayar da ni saboda wari. Yaro wanda na girme shi da shekara goma zai karɓi takardata da yatsa biyu. Ga sabuwar jiha tana neman akawuna. Ina so ɗan gidanmu ya zauna a ciki, ƙarƙashin fanka. Kuma ba zan ɓoye ba, ina so a riƙa nuna ni ana cewa ga wan akawu can. Ba shi kaɗai na duba ba, har da kaina.

A gidanmu, kamar yadda yake a dangin mahaifiyarmu na cikin Yola, ƙarami ba ya musa wa babba a gaban manya. Ko ido ba ya ɗagawa. In kana son gaskiyar yaro, ka tura goggonsa ta ji daga bakinsa, ko ka tambaye shi kuna tafiya ku biyu. Na san wannan sarai, a haka na tashi. Gaskiyarsa kuma na riga na ji ta a hanya. Saboda haka na jira Juma'a.

Duk Juma'a in an sauko masallaci, Baffa, ƙanen mahaifinmu, da Kawu, wan mahaifiyarmu, a zaurenmu suke cin abinci. Ana wanke hannu na ƙwala wa Auta kira na ce ya zo da takardar makaranta da alƙalami. Ya shigo ya durƙusa a bakin tabarma.

Na ce, "Baffa, Kawu, ga takardar zaɓen aiki. Ni na ga aikin akawu ya fi masa. Amma na ji wai a cikinsu akwai masu son bin shanu da allura."

Baffa ya yi dariya har yana tari. "Shekara biyar yaro yana cin biredin gwamnati don ya koma leƙa gindin saniya? Ai da mun ba shi sanda tun farko, mu huta da sayen takalmi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, nonon da ka sha da fura yanzu daga gindin nan ya fito." Sannan ya juya wurin Auta. "Kai fa, me ka ce?"

Auta yana kallon tabarma.

"Abin da Hamma ya ce."

"To kun dai ji da kunnenku," in ji ni. "Ba wanda ya tilasta shi."

Kawu ya daɗe yana kallona. Shi ya gane abin da na yi, amma shi ma ba zai kunyata ni a gaban ƙanena ba. Auta ya rubuta da hannunsa, ni na sa nawa a ƙasa.

Ya tafi Maiduguri, ya zama akawu, an ƙara masa girma, ya yi aure. Ba wanda ya taɓa cewa na cuce shi. Mutane ma yaba mini suke yi.

Wata damina rufin ɗakinsa ya yi yoyo, muna fitar da kaya na ga littafin a tsohon akwatinsa na makaranta. Tambayoyin da Turanci suke, amma amsoshin ya rubuta su da Hausa yadda aka gaya masa. Kwana huɗu na yi ina bin sa da yatsa. Mai haɗa magani shafi ɗaya. Akawu rabin shafi, kuma da aka tambaye shi abin da ya fi wahala cewa ya yi jiran lokacin tashi. Malamin dabbobi shafi goma sha ɗaya. Ni shafi huɗu, har da zanen ƙirgi da inda kirci ke ci. A ƙasa ya rubuta: Hamma yana gane ciwon saniya bayan ta mutu, ni ina so in gane shi tun tana da rai.

Da babbar salla ya zo gida. Kafin ya cire takalmi ya wuce wurin ragon layya, ya buɗe bakinsa, ya ja fatar idonsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Washegari na ce ya raka ni rumfa. Hanyar nan dai, ni da shi kawai.

"Auta, na karanta littafinka."

"Wancan na yara? Ashe yana nan."

"Da gangan na kira ka gaban su Baffa. Na san ba za ka iya cewa a'a ba."

"Ya wuce, Hamma."

"Ban tambaye ka ko ya wuce ba. Ba kowa a nan. Ka faɗa mini abin da ke ranka, ko zagi ne."

Ya sunkuyar da kai, mutum mai 'ya'ya biyu, kamar yana bakin tabarmar nan.

"Abin da ka ga ya dace ka yi, Hamma."

A kan hanyar nan ya taɓa gaya mini gaskiya, na ɗauke ta na kai zaure. Tun daga ranar, ko mu biyu ne, amsar gaban manya yake ba ni. Na ciro littafin daga aljihu na miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya mayar mini, ya ce in ajiye, can gidansa ba wurin sa shi.