Hancin Mahaifina a Hannun Babarbare

Ni Bafulatanin gari ne, irin wanda bai san saniya ba sai a cikin miya. Shagona yana bakin barikin Shadawanka, kuma na shekara da shekaru ina cika wa sojoji baki cewa duk bijimin da ya ji muryata sai ya durƙusa. Wata jajiberin sallah suka yi watanda, suka haɗa kuɗi suka sayo sa don su raba nama, sai san ya ƙi kayuwa. Aka ce a kira Bafulatani. Na naɗe hannun riga, na yi masa fito, na jefa masa 'yan kalmomin Fulatancin da na sani, waɗanda daga baya aka gaya mini gaisuwar surukai ce. Shi kuwa ya amsa da goshi.

Waɗanda suka gani sun rantse na yi sama har na hango gonakin ƙauyen Inkil. Ni dai a asibiti na farka, na tarar fuskata ake watanda. Likitan muƙamuƙi ya ɗauki kasonsa, ya ɗaure mini haƙora da waya. Likitar ido ta ce ƙashin da ke tallafe da idona na hagu ya burma, ta shiga ta yi masa daɓe. Hanci kuwa ya baje kamar tumatirin da mota ta taka, aka ce sai kumburi ya saɓe babban likitan gyaran fuska zai gina sabo.

A nan fa gizo ke saƙa. Mahaifina har ya rasu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ƙannena duk hancin Inna suka ɗebo, ni kaɗai na ɗauko nasa, dogo, da ɗan doro a tsakiya. In dangi suka so tuna shi, ni suke kallo. Inna tana Zungur, kuma ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata. Asibitin ma ba ta zo ba, man shanu ta aiko. Amma ƙanwata ta ce da labari ya isa, tambaya ɗaya ta yi, ita ma tana fuskantar bango: hancin fa?

Sai ga babban likita ya shigo. Ina ganin zanen da ke kumatunsa na san tawa ta same ni. Babarbare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da su, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa.

"Yau ga bawana a kwance," in ji shi, yana murza hannu. "Bafulatanin da sa ya tunkuya. Kwantar da hankalinka, zan yi maka hanci mai faɗi, ka shaƙi iska ka ƙoshi."

Ga amsa cike da bakina, ga waya. Sai gurnani. Kullum ya zo zagaye sai ya tara ɗalibansa a kaina, ya ce su duba da kyau, ba kasafai ake samun Bafulatani ya yi shiru ba. Ramar da na yi a kwanakin nan ba ta kunu da tsinken roba ba ce, maganganun da na haɗiye ne suka cinye ni.

Ranar da aka kwance wayar, kowa ya zaci tsire zan nema. Doro na nema. Likita ya ce a kawo hoto. Aka kwaso nawa duka, amma duk gaba na fuskanta ina washe baki, doron bai fito ba. Da ƙyar matata ta tono wani na wani bikin suna, inda aka kama ni ta gefe na sunkuya kan farantin shinkafa. Ya ɗaga shi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutane biyansa suke ya cire musu doro, sai Bafulatani da ba ya ganin kyan abu in ba tozo. Na gaya masa dalili. Ya sake duba hoton, ya ce zai yi iya yinsa, amma kada in sa rai ya dawo sak.

Daga haƙarƙarina ya yanko guringuntsi ya sassaƙa. Na ce masa ai malamai sun ce haƙarƙari da ma a karkace yake, don haka doron kyauta ya same shi, kada ya yi mini gori. Bayan aiki hancin ya kumbura ya zama kamar dankalin Hausa, in na shiga ɗaki sai ya riga ni yin sallama. Na ƙi zuwa Zungur. Sai da damina ta wuce, fata ta kwanta, sannan na yi ta maza, na ɗauki matata muka tafi.

Mun tarar Inna tana tsince wake a tsakar gida. Na durƙusa daga gefe kamar kullum, na gaishe ta, ta amsa wa waken. Ta tambayi matata hanya, ta tambayi yara ɗaya ɗaya, har kajin gidanmu sai da ta tambaya. Ni kuwa na kafa wuya a karkace ina nuna mata gefen fuska kamar zakara mai neman faɗa.

Can ta ce wa matata, "Ce wa wancan ya juya wajen haske."

Na juya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin idonta a kaina haka ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama, abin da ba ta yi wa kowa sai mahaifina in ya shigo gida.

"Ya ɗan fi na da tsawo," ta ce wa matata. "Amma shi ne. Tashi ki zuba masa fura."