Mujiyar da Inna Ta Kyafe

Mahaifina masunci ne, kuma a sanina bai taɓa yin ƙarya ba, in ban da irin wadda kowane masunci yake yi a kan girman kifin da ya kuɓuce masa. Amma tun ina yarinya ake yi masa kallon mai shaci-faɗi a bakin ruwan Wara, duk saboda mujiya ɗaya. Ya ce wata safiya, tun kafin ruwan Kainji ya cinye tsohon garinmu, ya ga wata ƙatuwar mujiya ja ta sauko ta cafki kifi da ƙafa, ta hau reshe tana ci. Kowa kuwa ya san mujiya ɓera take ci. Mutum ɗaya ne yake cikin jirgin tare da shi ran nan, wato taubashinsa, ɗan ƙanwar kakana, wanda muke kira Baffa. Shi kuwa Baffa ya ce bai ga komai ba sai Baba yana gyangyaɗi rungume da filafili.

Wasan taubasai ba a fushi da shi, don haka Baffa ya samu gona ya yi ta noma. In Baba ya dawo jirgi fayau, sai ya tare shi da jaje, wai mujiya ta riga shi. In ya dawo da kifi, sai ya ce a cire wa mujiya zakka. Baba yakan yi dariya tare da kowa, amma ni na san abin yana cinsa. Akwai ranar da aka yi rigima a kan wurin kafa raga, ya tashi zai ba da shaida, wani yaro da bai kai ɗansa ba ya ce a nemo wanda bai taɓa ganin mujiya tana su ba. Ran nan Baba bai ci tuwo ba.

Ba a daɗe da yanke mu daga jihar Sakkwato ba wata mata ta ɓullo yankinmu daga wata jami'a ta kudu, da wando da takalman roba har gwiwa, da Hausarta mai ɗingishi. Ta bi ta wurin masu gari ta roƙi abu guda: duk wanda ya tsinci mataccen tsuntsun daji, ko a raga, ko a gefen mota, ko a ƙarƙashin wayar lantarki, ya kai mata shi da gashinsa da komai. Ta ce suna da wani ɗaki da ake adana su don masu karatu, kuma ba saye take ba, kyauta take nema. Mutane suka ce lallai duniya da faɗi, ga mai neman sadakar mushe. Wasu suka ce bokanya ce, wasu suka ce a garinsu da shi ake miya. Samari suka ɗauki danko suka yi ta kai mata kurciyoyi, ta ƙi karɓa, ta ce wanda Allah ya kashe take so, ba wanda suka taya mutuwa ba. A hankali dai aka saba, mai balbela ya kai, mai zalɓe ya kai, duk ranar kasuwa.

Ni lokacin ina gida wankan jegon ɗana na fari. Aikina in ci, in sha kunun kanwa, in kasa kunne, kuma na ukun ya fi mini daɗi. Wata safiya cikin bazara muna tsakar gida sai muka ji Baba daga bayan zana yana kira da wata murya da ban san yana da ita ba.

"Ku hito ku gani! Ga ta nan, aradu ga ta nan!"

Ashe ya je ɗaga mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, ya tarar da irin mujiyar tasa ta sarƙe ta mutu a ruwa. Ya ɗago ta sama da zana. Na gan ta da idona: ja ce kamar sabuwar tukunya, kai kamar ƙwarya, idanu baƙaƙe wuluk. Inna ta warce jinjirin daga cinyata ta rufe masa fuska da mayafi.

"Mujiya a gidan da ad da ɗanyen goyo? Walle kak ƙetaro ƙohwar nan da ita, ni da kai sai gaban alƙali!"

Baba bai ƙetaro ba. Bai kuma nuna wa kowa a bakin ruwa ba, wannan kuwa shi ne wautarsa, Allah ya jiƙansa. Ya rantse babu idon da zai ƙara ganin ta sai na Baffa ya gani, a gaban matar tsuntsaye, don kada a ce ya shafa wa zabo jar ƙasa. To Baffa ya tafi biki Yelwa, matar kuma aka ce tana wajen Shanga. Ya naɗe mujiyarsa cikin jiƙaƙƙen buhu ya rataye a bishiyar bayan gida, ya shiga jirgin fasinja ya tafi kamo su duka biyu.

Bazarar bakin tafki ba ta jiran kowa. Kafin rana ta sake fitowa ta take, ƙudaje sun sami labari, iska kuma tana kawo mana gaisuwa har cikin ɗaki. Na ga Inna tana kai da kawowa, ta leƙa bayan gida ta dawo, ta tofa addu'a ta sake leƙawa. Tsoron mujiya take ji ƙwarai, amma ta fi kowa sanin abin da ke cikin buhun nan a wurin mijinta.

"In yad dawo ya iske ta ruɓe, tsohon nan mutuwa za shi yi," in ji ta.

Inna abu ɗaya ta sani game da abin da ya fito daga ruwa ake so ya daɗe: banda. Da shi ta riƙe kifi tun tana amarya, bai taɓa ba ta kunya ba. Ba ta yarda ta ɗora mushe inda take ɗora abincin mutane ba, sai ta samo tsohon rabin ganga ta kai can nesa da gida, ta shimfiɗa waya, ta haɗa wuta da ɗanyen itace. Da sanda ta ɗauki mujiyar, da sanda take juya ta, tana a'uziyya. Ta kyafe ta tsaf, gaba da baya, kyafin da ko kifin da za a kai Onica bai samu irinsa ba. Ni ma ban hana ta ba, har shawara na ba ta ta ƙara wa fikafikan hayaƙi.

Da Baba ya dawo a rana ta uku da hantsi, ga matar, ga Baffa yana tafe yana dariya tun kafin ya ga abin dariya. Da yake baƙuwar mace ce, aka shigo da ita tsakar gida. Inna ta sa aka tura ni ɗaki da jinjiri, na zauna a bakin ƙofa na ɗage labule. Sannan ta kawo abin a kan faifai, rufe da wani faifan, kamar mai kawo wa suruki abinci, ta buɗe.

Baƙi ƙirin. Ta ƙanƙance, gashin ya dunƙule, wuyan ya lanƙwashe. Baba ya tsaya da baki buɗe. Baffa ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe da ciki.

"Wagga ita ta jar mujiyar? Taubashi, shekara da shekaru ashe ƙonannar kaza kag gani! A kawo yaji!"

Matar ba ta yi dariya ba. Ta dafe kai da hannu biyu ta yi wata magana da harshensu wadda na tabbata ba godiya ba ce. Ta tambayi wanda ya yi wannan aiki, Inna ta ce ita ce, kuma ko wata shida ta ajiye ba abin da zai same ta. Matar ta dubi Inna, ta dubi faifan, sai ta durƙusa. A hankali ta buɗa fiffike ɗaya. Can ciki, inda hayaƙi bai kai ba, ga gashi ja da ratsin baƙi. Ta juya ƙafar, ta kama yatsan Baba ta goga masa a tafin, ta kama na Baffa ma ta goga. Ta ce su ji kaushin nan kamar ƙaya, da shi take riƙe kifi kada santsi ya ƙwace mata, su kuma duba ƙaurin babu gashi, don ruwa take tsoma shi. Mujiyar su ce, in ji ta, ba a cika ganinta ba, kuma ɗakinsu babu ko ɗaya daga wannan ruwa. Fatar ta lalace, amma ƙashi da ƙafafu da fiffiken za su yi amfani, in Baba ya yarda ya ba su.

Baba ya gyara tsayuwa ya ce ya bayar, duniya da lahira.

Ta ɗaura wa mujiyar 'yar takarda a ƙafa, ta tambaye shi inda ya same ta, da ko ya taɓa ganin irinta. Nan fa aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya faro labarin daga tushe, da tsibirin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa, da bishiyar, da yadda ta sauko ta ɗauki karfasa.

"Karhwasa ina?" in ji Baffa, yana share hawayen dariya. "Tarwaɗa ta. Wutsiyar na reto har tah hau reshen."

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta. Baffa ya kai hannu baki, amma magana zarar bunu ce.

"Ashe ka gani," in ji Baba, a hankali.

"To, na gani mana. Ni makaho na? Ranar don in ja ka nic ce ban gani ba, sai abin yay yi daɗi. Kuma da na ce na gani, da mi za mu yi ta hira da shi har yau?"

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ran nan, kuma na ji haushin Baffa har cikin raina, haushin da bai gama sakina ba har yanzu da ni ma na tsufa. Baba ya juya mana baya ya daɗe yana kallon zana. Baffa ya tashi ya matsa kusa da shi ya tsaya, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Matar ta naɗe mujiyarta cikin jarida tana satar kallonsu, ba ta san me ya faru ba.

Can Baba ya goge fuska da hannun riga, bai juyo ba.

"Karhwasa ta," ya ce.

"Tarwaɗa," in ji Baffa, da ƙaramar murya.

Inna ta shimfiɗa musu tabarma ɗaya a inuwa, ta tafi ɗora tukunya.