Ranar Da Na Rufe Sunan Inna

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin lafiya a Ƙaura Namoda, ba zan manta da wani ƙarshen wata na damina ba. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, an kuma fara Shari'a, an ɗauki mata ma'aikata masu shiga gidaje duba tsofaffi da marasa lafiyan da ba sa iya zuwa asibiti. Ni aikina zama gaban kwamfuta. In sun dawo su shigar da bayanin ziyararsu, ƙarshen wata in bi in duba, in kwashe a faifai a kai Gusau.

Cikin waɗanda ake ziyarta har da mahaifiyata a Kasuwar Daji, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Wata dattijuwar ma'aikaciya ke zuwa mata kowace Talata, ta auna jininta, ta gasa mata ƙafa, su sha hira. Inna kan ce ita kaɗai ke juya ta ba ta ji zafi ba.

A watan ne Allah Ya yi wa Inna rasuwa. Bayan an share makoki na koma ofis, na tarar ana jiran rahoto. Aka tada janareto, na bi ziyarorin Shinkafi da na Zurmi, komai daidai. Da na zo kwashewa sai kwamfuta ta ƙi, wai akwai ziyara ɗaya da ba a rufe ba. Ina buɗewa na ga sunan Inna. A ƙarƙashinsa an jera dalilai in zaɓa: ta warke, ta ƙaura, ta rasu.

Ni na sa ta a kabari da hannuna, ban yi kuka ba. Amma wannan ɗan maɓallin ya gagare ni. Na san ina taɓa shi sunanta zai fita daga jerin masu jiran ziyara.

Ina nan zaune sai ga dattijuwar ta shigo da jakar aikinta. Ta leƙa allon, ta ga sunan.

"Malam, ni ya kamata in rufe shi," in ji ta. "Na kasa. Talatar da ta wuce ma sai da na hau mota, mun kusa Kasuwar Daji sannan na tuna."

Na ce, "Baba, mi za mu yi? Direban Gusau na jira."

Ta jawo kujera ta zauna. "Mu yi mata addu'a tukuna. Gusau ba ta gudu."

Muka ɗaga hannu, janareto na ta ƙara a waje. A nan kukan da na riƙe tun ranar jana'iza ya ƙwace mini, ita ma tana share ido da gefen hijabinta. Da muka shafa, na danna. Sunan ya ɓace, faifan ya karɓi rahoto kamar kullum.

Daga baya na rufe sunaye da yawa a wannan aiki, na mutanen da ban taɓa gani ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne kowane suna a allon nan akwai gidan da aka naɗe shimfiɗarsa, akwai kuma wanda ƙafarsa ba ta daina zuwa ba. Shi ya sa har na bar aiki ban ƙara rufe sunan mamaci ba sai na ce Allah Ya jiƙansa.