Tawa a Kan Takardar Jami'a

Ana sallame asuba muka kama hanyar tashar Kejetia a Kumasi, ni da ɗan ƙanwata, zuwa Ankara, babban birnin Ghana. Jami'a ce ta kira shi. Akwai gurbi ɗaya na digirin dakta, shekara uku ana binciken ƙudan nan da ke makantar da mutanen bakin kogi a arewa, kuma karatu da ɗaki da abinci duk a wuyansu. Amma wasiƙar ta ce akwai magana a kan takardarsa. Ni na raka shi, domin a ƙarshen 1969 ubansa, mutumin Nijar, bai isa ya hau titi ba, an ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa.

Tashar ta cika maƙil. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direba kuwa ko kunya babu. Daga Konongo har Nkawkaw manyan motocin baƙin da aka kora muke ta wucewa, an ɗaure katifu da keken ɗinki a sama, mata na zaune shiru. A Nsawam na sayi burodi mai zafi. Daktan namu na gobe ya ce ba ya jin yunwa, sannan ya cinye rabi.

A jami'ar wani farfesa mai furfura ya karɓe mu a ɗakin gwaji, ko'ina kwalabe da warin magani. Ya ce cikin masu nema babu kamarsa, sai dai gurbin na 'yan ƙasa ne. Ya nuna layin da aka tambayi garin mutum. Ɗan nan ya rubuta Tawa, garin ubansa a Nijar.

Raina ya ɓaci, amma da wa zan yi? Haka muke a zongo. A tambaye ka garinku, sai ka kira garin kakanka, ko hanyarsa ba ka sani ba. A Kumasi aka yanke masa cibiya, uwarsa 'yar Tamale ce, Tawa kuwa a bakin ubansa kawai ya san ta.

"Kawu, ai abin da Baba ya koya mana ke nan," in ji yaron.

Farfesan ya ba mu zuwa Juma'a mu kawo rantsuwar uban a rubuce, cewa ɗansa ɗan Kumasi ne.

Washegari da la'asar muka iso gida, muka tarar surukina, uban yaron, ya ɗaure kayansa, har ya kama wuri biyu a motar Asabar, nasa da na babban ɗansa, wato wannan da na raka. Na yi masa bayani. Mutumin nan shekara talatin yake cewa wata rana zai kai ɗansa kabarin mahaifinsa a Tawa.

Da safe ya sa farar rigarsa muka je wurin mai rantsarwa. Ya dangwala yatsa, ya ce, "Rubuta. Ɗana ba ɗan Tawa ba ne." A bakin ƙofa ya juyo gare ni. "Mallam, ga amana. Idan ya gama, ya tuna a can ma akwai makafi."

Takarda ta isa a kan lokaci, an ba shi gurbin. Na koyi cewa gari ba ya zama naka sai ka yarda ka kira shi da bakinka, kuma wani lokaci uba ne ke biyan wannan. Ran Asabar surukina ya hau mota shi kaɗai.