Sunan da Dela Ba Ta Faɗa

Kofin farko ba nata ba ne, ba kuma na ɗanta mai gidan ba. Kullum bayan la'asar, idan rana ta karkata a bayan gidajen unguwar Madain Fahd ta Jidda, iskar teku ta shigo da ɗan gishirinta, Dela takan jawo butar shayi, ta tsiyaya daga sama har ya yi kumfa, ta jefa ganyen na'ana'a, ta ɗaga kofin da hannu biyu.

"A miƙa musu," in ji ta, idonta a kan faranti.

Sai jikarta Nuha ta karɓa ta kai wa yayanta Bilal, wanda ya dawo daga aikin sito a tashar jiragen ruwa, gajiya na rataye a kafaɗunsa. Sauran jikokin kuwa da sunayensu take kiransu, har da tsiya irin ta kaka.

"Kai Muath, mijin banza! Ko tsinken tsire ba ka taɓa kawo wa amaryarka ba."

"Ya Sitti, haƙoran cin tsiren fa?" in ji Muath, da kiran da jikokin suke yi wa kaka a Larabce.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Bilal ma yakan yi murmushi, irin na wanda ake biki a gidan maƙwabta. Ya girma, ya yi gemu, bai taɓa jin sunansa a bakin kakarsa ba. Ba ta tsokanarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in ya shigo sai ta gyara mayafi. Tun yana ƙarami ya yanke cewa ba ta sonsa. Ita ma ta san abin da ya yanke, tana ganinsa a idonsa.

A Jidda aka haifi Dela, a bukkokin Takari, wato baƙin da suka zo Hajji suka zauna, a bayan tsohuwar ganuwa, zamanin da ake kawo ruwa a kan jaki. Ta yi tallar gyaɗa a kasuwar Bab Makka tun tana budurwa, ta koma sayar da yaji da kuka da daddawa, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Mijinta ɗan dako ne a tasha, mutum mai ƙarancin magana. Yana yaro ya taso daga ƙasar Hausa da mahaifinsa, a ƙafa, da niyyar Hajji. Uban ya rasu a Sawakin, a bakin tekun Sudan, yana jiran jirgin ruwa. Wasu alhazai suka tsallako da yaron, mai rubuta takardu ya sa masa "bin Abdullahi", kamar yadda ake sa wa wanda ba a san ubansa ba.

Amma yaron bai manta ba. Wata rana da hantsi, suna sabon aure, ya gaya wa Dela sunan mahaifinsa da sana'arsa ta dukanci. Ta sunkuyar da kai ta karɓi sunan, ta rufe bakinta a kansa. Uwarta ta koya mata cewa 'yar mutunci ba ta kiran sunan miji, balle na suruki, ko yana raye ko yana ƙasa. Mijin ya rasu autansu Abdulmohsen, mai gidan na yanzu, yana goye. Duk Juma'a takan ba da sadaka ta ce, "Allah ka kai ladan ga wanda ka sani."

Ranar da Abdulmohsen ya raɗa wa ɗansa na fari suna Bilal, don kawai yana ƙaunar ladanin Manzon Allah, Dela ta shige ɗaki ta yi kuka. Surukin da ba ta taɓa gani ba ya tsallako tekun da ya gagare shi, ya shigo gidanta a cikin zanen goyo. Mutanen gidan, haihuwar Jidda, masu mafarki da Larabci, suka ɗauka sunan ne bai yi mata ba. Ta yaya za ta warware musu, alhali warwarar sai da faɗar abin da ba ya faɗuwa? Ta yi shiru, shirun ya yi ta girma tare da yaron.

Tonon ya zo ne daga inda ba a zata ba. A asibitin da Nuha take aiki akwai wata Halina, wadda kakanninta suka yi ƙaura daga Poland tun kafin a haifi ubanta. Matar ta bi diddigin danginta, suna bayan suna, har ta je wani ƙauye mai dusar ƙanƙara ta tsaya a ƙofar gidan da aka haifi kakan kakanta. Ta nuna wa Nuha hoton, ta tambaye ta, "Ku fa, daga ina?"

Nuha ta dawo gida ranar ba ta ci abinci ba.

"Sitti, wallahi ƙasa na so ta tsage in shige. Na ce mata Afirka. Afirka gari ne?"

Ta zauna ta zana bishiyar dangi a kwali. Reshen uwa ya yi ganye, reshen uba ya tsaya a kan kakanta kamar an sare shi da gatari. Ta tambayi sunan wanda ya rasu a Sawakin. Dela ta ce tsufa ya cinye mata shi. Ƙarya ce, kuma ta kwana da ɗacinta a harshe.

Nuha ba ta haƙura ba. Ta bi shagunan yadi na Bab Makka har ta samo Alhaji Rafi'u, Bahaushen Sudan, wanda kawunsa, tsoho tukuf, yake riƙe da labarin mutanen tsohon zangon Sawakin. Shi ne ya yi sallama a gidan wani yammaci, shayi bai huce ba.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Hausarsa ta daki kunnen Dela kamar muryar uwarta.

"Hajiya," ya ce, "waɗanda suka rasu a bakin ruwan nan suna da yawa, dukawa ma ba ɗaya ba ne. Wasu sun bar 'yan'uwa a can, har yau jikokinsu na cigiya. Gobe in sha Allahu zan koma Sudan. Kawuna kuwa fitila ce mai ƙarancin mai, ban san ko zan sake samunsa ba bayan wannan zuwan. In da suna, zan kai masa. In babu, ban san me zan tambaya ba."

Duk suka juyo gare ta. Dela ta kama gyara kofunan da ba su karkace ba.

"Yalla ya ummi, ki daure ki tuna," in ji Abdulmohsen.

"Ban manta ba," ta ce a hankali.

Nuha ta ɗago kai. "Amma kin ce mini..."

"Na ce."

"To ki faɗa mana, halas!" Muryar ɗanta ta tashi, rabinta Larabci. "Wannan ba haram ba ne. Mutumin ya rasu tun kafin a san ki. Takarduna suna ɗauke da sunan da ba namu ba, 'yata tana jin kunya a gaban baƙuwa, ke kuma kina zaune a kan abin kamar kaza a kan ƙwai?"

Alhaji Rafi'u ya dubi tabarma. Shi ya gane, don haka bai sa baki ba, kuma shirunsa ya fi faɗan ɗanta yi mata nauyi. Ga baƙo ya ga ɗa yana ɗaga wa uwa murya. Ga jika ta kama kakarta da ƙarya. Abin da ta riƙe duk rayuwarta a matsayin ladabi, yau ta gan shi ta wata fuskar: ta bar zuriya guda ba saiwa, ta bar yaro ya tashi yana zaton an ƙi shi.

Ta buɗe baki. Harafin farko ya zo har leɓɓanta, ya tsaya. Ta ji kamar an ce ta tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa.

Bilal ya ajiye kofinsa. "Ku ƙyale ta," ya ce, da Hausarsa mai tsami. "Sitti ba ta son kiran sunan mutane. Ni na sani."

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta soke ta.

Dela ta dafa bango ta miƙe. Nuha ta kawo hannu, ta ture shi. Ta taka a hankali ta ratsa ɗakin, gwiwoyinta na ƙara, har ta isa gaban jikan da ba ta taɓa zama kusa da shi ba. Ta rusuna kaɗan, irin rusunawar da amarya take yi wa uban miji. Sannan ta ɗora tafinta a kansa. Gashinsa da taushi. Ba ta taɓa sani ba.

"Alhaji," ta ce, ba ta dubi kowa ba, "ga wanda za ka tambaya. Tun ranar da aka raɗa wa wannan suna, surukina yake zaune a gidan nan. Shi nake ba kofin farko."

Bilal ya ɗago kai a ƙarƙashin hannunta.

"Sitti?" in ji Bilal.

Ta janye hannunta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta bi gefen bango ta fice daga ɗakin.