Kai Ba Na Kaya Ba Ne

Har yau akwai masu rantsuwa a layinmu na Karmo cewa magani Gwarawa suka ba ni na warke. Ƙarya ne, ko jiƙo ban sha ba. Kafin nan ma ba su canki ciwon daidai ba. Wasu sun ce iska ce ta taɓa ni, wata maƙwabciyarmu ta ce saurayi ne ya yaudare ni, ni da ko lokacin tsayawa zance ba ni da shi. Gajiya ce kawai. Amma a unguwarmu idan budurwa ta ce ta gaji, sai a tambaye ta me ta yi.

Ga abin da na yi. Tun da na gama sakandare nake aiki wurin wata Hajiya mai sayar da abinci a Gudu. In baro Karmo da sassafe, in yi ta canjin mota, ina isa a ɗora mini kular shinkafa a ka da robar miya a samanta, in taka zuwa wurin kanikawa a Apo. Ɗaukar ba ita ce azabar ba, saukewar ce. Kaya mai nauyi idan yana kanka ba ka isa ka sauke shi kai kaɗai ba, su kuwa kanikawa kowa yana ƙarƙashin mota, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Sai in tsaya a rana ƙiƙam ina jiran wanda zai ga dama. Ni kuma ban iya roƙo ba, ba na faɗin "don Allah" sau biyu.

Wuyana ya sanƙare, kaina ya riƙa sarawa, in na kwanta barci ya ƙi zuwa. Wata rana ƙafafuna suka ƙi, na zube a gaban wani gareji, shinkafa da miya duk a ƙasa. Hajiya ba muguwa ba ce. Ta ce, "'Yata, je ki huta. Amma kasuwa ba ta jira. In wata ya mutu ba ki dawo da ƙarfinki ba, wata zan ɗauka." Ni kuwa aikin nan ina son abina, shi ya sa ba na miƙa wa kowa hannu.

Hutu a Karmo? Janareton maƙwabta ta nan, injin niƙa ta can, masu zuwa dubiya kowa da cutar da ya zaɓa mini. Kullum ƙara lalacewa nake.

Akwai wata tsohuwa Bagwariya, su dai Gbagyi suke kiran kansu, da ta daɗe tana kawo wa Umma doya da itace daga ƙauyensu na bayan duwatsu. Mama muke ce mata. Hausarta ba ta san mace da namiji ba. Ta same ni a yashe a kan tabarma.

"Kai, me ya same ka?"

"Mama, 'ke' ake ce wa mace. Kullum sai na faɗa miki."

"To, kai mace, me ya same ka?"

Ta latsa wuyana da yatsu kamar mai taya kaza a kasuwa, ta juya ga Umma ta ce, "Ba ni shi. In ya yi ƙiba zan dawo da shi." Umma ta fara in-ina, tana maganar salla da abinci. Mama ta ce, "Gidana akwai buta. Akwai masu masallaci, akwai masu coci, duka doya suke ci."

Acaɓa ya kai mu inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi ni tsawo, dawa ta fitar da kai. Ina tafe ina mita, ga wayata ta zama kurma, ga ƙaiƙayi. Mama ko waiwaye ba ta yi ba.

Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin wata kaɗanya, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Kwanakin farko dai ba zan iya ba da labarinsu ba, barci na yi kamar an biya ni. In na buɗe ido sai in ga an ajiye mini gasasshiyar doya da manja, ko dafaffiyar gyaɗa, ban san wa ya kawo ba. Ina ta jira a ce "tashi mana", ba wanda ya ce. Har haushi ya fara kama ni. Ba wanda ya tambaye ni me ke damuna, sai kurciyoyi da ƙarar rafi daga gangare, da iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ashe na manta akwai sautin da ba inji ke yin sa ba.

Da zama ya ishe ni na bi mata rafi. Na cika roba, na naɗe ɗankwalina na yi gammo, na cicciɓo zan ɗora a ka. Sai dariya ta ɓarke. Su ba sa ɗaukar komai a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, can wajen bayan wuya, ruwa ne ko itace ko doya.

Mama ta riƙe robar ta ce, "Kai, kai ba na kaya ba ne."

"Wane kai ɗin? Ni ko kaina?"

Ta ƙwanƙwasa mini tsakar ka. "Wannan. Shi ne sarkin jiki. Yana ɗauke da tunani, ka ƙara masa shinkafa da miya?"

Na ce to, a ɗora mini irin tasu. Taku kaɗan na yi ruwan ya kwararo ta bayana har cikin zane. Wata amaryar gidan Mama, sa'ata ce, ta riƙe ciki tana cewa, "'Yar birni ya yi wanka! A kawo masa soso!" Na ce, "Ke dai ki zo Apo ki gwada, ki ga yadda za a kira ki mai ƙusumbi." Na yi dariya har na zauna daɓas a cikin rafin. Rabona da irin wannan dariyar har na manta.

Ban taɓa iya ɗaukar kafaɗa ba, kuma kada wani ya ce muku sauƙi gare ta. Wani abu dabam na tsinta. A can ba mai ɗaga kaya ita kaɗai. Mace za ta tsaya kan kayanta ta yi wani gajeren kira, duk wadda ke kusa ta zo ta kama, ba roƙo, ba doguwar godiya, kowa ta wuce. Haka a gona. Yau a taru a haƙe doyar wannan gida, gobe ta wancan, ana waƙa ana tsokanar duk wanda ya sare doya da fartanya. Ni aka ba ni kakkaɓe ƙasa a zaune.

"Hannunka kamar burodi," in ji amaryar.

Na zame ɗankwali na nuna mata tsakar kaina, inda gammo ya cinye gashin. Ta kai yatsa ta shafa. Da yamma ta zo da man kaɗe ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi ta murza wurin, tana zagin kula da duk wanda ya ƙera ta.

Ƙarfi bai yi sallama ba da zai dawo. Wata rana hadari ya taso muna gona, muka kwasa da gudu zuwa ƙarƙashin wani dutse, sai da muka isa na lura ni ce a gaba. Muka tsaya muna haki, ruwa na zuba a kan dawa, ni kuwa yunwa nake ji irin ta lafiya. Da aka ɗauke ruwan, na tsaya kan kwandon doyar da na bari, na buɗe baki na yi kiran nan nasu. Na yi shi a karkace, suka kwashe da dariya, amma mata biyu suka zo suka kama.

Mama ta maido ni Karmo wata bai mutu ba. Ta ce wa Umma, "Ga shi, ya cinye mana rumbu."

A ranar na yanke shawara. Da safe zan je Gudu in ce wa Hajiya na dawo, amma kaina ya yi ritaya. Daga nan in wuce Apo wurin masu walda, in tsaya a tsakiyarsu in faɗa da ƙarfi cewa baro nake so a haɗa mini da tsohuwar taya, wanda zai ɗauki kula da robar miya. In sun yi kamar ba su ji ba, in sake faɗa.