Taku Goma Sha Ɗaya Daga Bakin Tanderu

Yayana ya fara tsayuwa a bakin tanderu yana ɗan shekara goma sha bakwai, bai matsa daga wurin ba sai da ya cika arba'in da ɗaya. Ni ke raba burodin gidanmu a shaguna, don haka na san abin da ke fitowa daga hannunsa: gashi shida a rana, kowane gashi burodi ɗari da ashirin. Ba ruwansa da agogo. Sai dai ya kara bayan hannunsa a ƙofar tanderun ya ce saura kaɗan, kuma saura kaɗan ɗin ne. Gashin girarsa ya daɗe da ƙonewa. A gidan burodi masu kwaɓi suna iya kai uku, masu yanka biyu, amma mai tsayuwa a bakin wuta ɗaya ne tak, kuma shi kowa ke fara gaisarwa.

Abu ɗaya ne ya gagari Yaya. Shekara tara da aure, ba haihuwa, ko ɓari. Ni da na yi aure bayansa da shekara uku ina da 'ya'ya uku, dukkansu kuma a wuyansa suka girma.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita kuma take kirana Sarkin Ƙirga, ta je asibiti sau goma sha huɗu. Tara daga ciki ni na kai ta a motar burodi. Yaya kuwa sau ɗaya ya je, a shekara ta biyu. Aka ƙirga ƙwayoyin maniyyinsa, aka ce suna da yawa. Ya ninke takardar ya adana kamar takardar gida, ba wanda ya sake duban inda yake.

A zuwa na goma sha biyar Anti ta tarar da sabuwar likita. Matar ta karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe, sannan ta ce a turo mata maigidan. Yawa daban, lafiya daban, in ji ta, kuma akwai awon da ba a yi masa ba. Kwana goma sha biyu na yi ina bin Yaya kafin ya yarda ya shiga mota.

A ɗakin gwaje-gwaje muka sami malamin awo, wani dattijo mai tabarau, wanda ba ya jin nauyin kiran abu da sunansa.

"Ka san yadda ƙusa ke tsatsa in ta kwana a ruwa?" ya tambayi Yaya. "To jiki ma yana da abin da ke cin ƙwayoyinsa haka, yana kuma da abin da ke kare su. In mai cin ya rinjayi mai karewa, sai ka ga ƙwayoyin suna nan birjik, amma sun jigata, ba sa iya aikin. Wannan rinjayen za mu auna."

Ya miƙa masa 'yar kwalba mai murfi. Akwai ɗaki a nan, ya ce. Yaya ya girgiza kai, shi daga gida zai kawo.

"To, cikin awa ɗaya. Kuma kada ya yi sanyi."

Da safe na duba agogo: daga lokacin da Yaya ya ce in shirya mota zuwa lokacin da muka miƙa kwalbar, minti hamsin da biyu. Ina ta jin daɗin kaina. Malamin awo ya shiga ciki, bai jima ba ya leƙo ya kira mu.

"Ko ɗaya ba ya motsi. Ina ka ajiye kwalbar nan?"

"Ai kai ka ce kada ya yi sanyi," in ji Yaya. "Ga gashi na biyu yana ciki, ba zan bar shi ba. Sai na ɗora ta a saman tanderu, inda muke ɗora kwaɓi ya tashi."

Dattijon ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari.

"Bawan Allah! Ɗumin jiki nake nufi, a aljihun riga. Ka gasa min su, saura ka shafa musu bota!"

Can sai dariyar ta ɗauke. Ya mayar da tabarau, ya ƙare wa Yaya kallo tun daga girar da babu har ƙasa.

"Tsaya. Awa nawa kake yi a gaban wutar nan?"

"Tara," na ce. "Shekara ashirin da huɗu."

"Taba fa?"

Na riga Yaya buɗe baki. Na ce kara goma sha biyu a rana.

"Wa ya tambaye ka?" Yaya ya harare ni.

"Ƙyale shi," in ji malamin awo. "Yau shi ya fi ka amfani."

Bayan kwana uku muka koma, wannan karon a ɗakin da ya ƙi tun farko. Aka ɗiga kaɗan a kan wani siririn kati, aka zura a wata na'ura da ba ta fi rediyo girma ba. Kafin in gama ƙirga tayil ɗin bango lamba ta fito: huɗu da ɗigo biyu. Malamin awo ya ce shi ƙasa da ɗaya da rabi yake son gani.

Likita ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta ce zafi da hayaƙi da taba duk suna iya jawo haka. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce ya yawaita ganye da 'ya'yan itace, ya bar taba, ya bar bakin wuta wata uku, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya ƙera sababbi.

Taba ya jefar a ranar. Tanderu kuwa ya ce sam. Wa zai ba? Dogo, mai kwaɓinmu, da ko ruwan zafi ba ya iya dafawa? A tsakar gida suka yi maganar shi da Anti, ni ina gefe ina jera tire.

"Sau goma sha huɗu na hau gadon asibiti," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "An zuƙi jinina, an hura min ciki, an leƙa inda ba a leƙawa. Ban taɓa cewa na gaji ba. Kai daga wutar zuwa teburin kwaɓi taku nawa ne?"

"Goma sha ɗaya," na ce. Na riga na auna.

Su biyun suka juyo. Anti ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Yaya ya kwance rigar aikinsa ta fata ya miƙo min ya ce in kai wa Dogo.

Makon farko burodi ɗari biyu da goma sha huɗu suka ƙone. Masu shaguna suka fara tambayata ko gawayi muka koma sayarwa. Ina ganin Yaya a bakin tebur, hannu cikin fulawa, wuya a karkace yana leƙen wuta kamar wanda aka raba da ɗansa. A rana ta tara ya taho da sauri, ya yi taku huɗu, ya tsaya, ya koma. Daga nan ya koyi abin da bai san yana da shi ba: hancinsa. Daga tebur zai ɗaga kai ya shaƙi iska ya daka tsawa, "Dogo, fitar! Na bayan tukuna!" A mako na uku bakwai kawai suka ƙone.

A rana ta casa'in da biyu na'ura ta nuna ɗaya da ɗigo tara. Bai isa ba. Na zaci zai fasa, sai na ji ya ce wa likita, "A ƙara wata uku." Da suka cika, ɗaya da ɗigo biyu. Malamin awo ya fito daga bayan kanta ya ba shi hannu, ya ce ko mai shekara talatin zai yi murna da wannan.

Wata biyar bayan nan na kai wa Anti burodi mai zafi kamar kullum, ta kore ni tun daga ƙofa, wai warinsa na tayar mata da zuciya. Na tsaya da leda a hannu, na yi lissafi, na juya a guje zuwa gidan burodi.

Mace ce, kilo uku da ɗigo ɗaya. Da nas ta miƙo ta a barandar asibiti, Yaya ya goge hannuwansa a wando har sau uku kafin ya karɓa. Ya juya mana baya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka. Da ya juyo idanunsa jawur, ya ce min, "Me kake jira? Je ka ɗauko yaranka su zo su ga ƙanwarsu."